Baƙuwa daga Tauraro a Bakin Rijiyar Dakoro

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Maraɗi, muka ɗau hanyar Dakoro. Kun daɗe kuna tambayata ina aka kwana game da fim ɗin da na rubuta. To ga labari, amma ba mai daɗi ba ne.

A motar ban da direba akwai ni, da darakta, da mai kamera, sai wata fara sol mai tarin mabiya a waya, wadda darakta ya ce rakiya kawai ta yo mana. Rakiya da akwatin kayan shafa har biyu!

Ga wanda bai sani ba, fim ɗin na soyayya ne da ban dariya. Wata yarinya ce daga wani tauraro jirginta ya lalace, ya faɗo bayan garin Dakoro. Ba ta san komai na duniya ba, har ta ɗauka raƙumi ne sarkinmu saboda yadda yake ɗaga kai. Wanda zai gyara mata jirgin kuwa wani mai gyaran waya ne, malalaci, mai bakin tsiya. Ban ƙago mutanen nan daga iska ba. Bara na ga Tsahara da Illa suna wasan kwaikwayo a gidan matasa na Dakoro, na yi dariya har cikina ya ƙulle, na dawo gida na rubuta labarin a kansu. Na kuma yi wa Tsahara alkawari da bakina cewa ita ce baƙuwar.

Hanya ba laifi har Kornaka, inda muka tsaya jandarma suka duba takardu, muka karya da waina da shayi. Lokacin kaka ne, ko'ina dammunan gero a jingine, amalanken shanu na ta jido. Mai shayin ya tsawwala kuɗi da ya ga kamera, wai mu 'yan fim ne. Da ya san abin da ke aljihunmu da sadaka ya ba mu. Daga Ajekoriya gonaki suka fara ja baya, garken awaki da raƙuma suka karɓe hanya, direba na ta hon suna kallonsa kamar shi ne baƙo.

Mun tarar da gari cike, ranar kasuwa ce. Dillalai na ta ciniki da hannu cikin hannun riga, matan Bugaje sun baza cuku. Mahaifiyar Tsahara ta dama mana fura da nonon da ban taɓa shan irinsa ba. Ita kuwa Tsahara ta haɗa kayan baƙuwar da kanta: tsofaffin faifan sidi ta ɗinke a jikin baƙin mayafi, in rana ta doke su sai ka kare ido.

Da la'asar muka je bakin rijiya gwaji, aka aro raƙumi. Kun san finafinanmu, ba riƙe hannu, ba kusantar juna. Soyayyar duk a ido take da harshe, in jinin 'yan wasa bai haɗu ba babu abin da kamera za ta ɓoye. Su kuwa waɗannan taubasai ne, ɗan mace da 'yar namiji, tun suna yara suke tsokanar juna.

Tsahara ta durƙusa gaban raƙumi ta yi gaisuwa, ta juyo ta ce, "Kai ɗan duniya, don mi kunka ɗaure ma sarkinku ƙahwa?"

Illa ya saki rubutuna gaba ɗaya ya ce, "Ba sarki ba ne, dubi wuyan da kyau, dangin babanki ne."

"Shi ya sa ya hi ka kyau," in ji ta, ta yi masa wani kallo ta sunkuyar da kai.

Masu ban ruwa suka saki guga suna dariya, mai kamera ma sai da hoto ya girgiza a hannunsa. Ni har na fara hango fim ɗina a gidajen kallo.

Sai darakta ya ce 'yar rakiya ma ta gwada, don nishaɗi. Aka yafa mata mayafin Tsahara. Ta faɗi maganar daidai, ba kuskure, tana neman kamera da ido. Illa ya rusuna ya ce, "A'a Hajiya, raƙumi ne, ranki shi daɗe." Ba wanda ya yi dariya. Raƙumin kaɗai ya yi gurnani.

Darakta ya ja ni gefe, amma ba nesa ba. Ya ce mai kuɗin fim ya riga ya zaɓi 'yar rakiya tun a Maraɗi, kuma ai wadda ta sauko daga sama ba za ta zama baƙa kamar Tsahara ba. Na tambaye shi yaushe ya je saman ya gano launinsu. Na yi faɗa, na ce zan janye labarina, ya tuna min na riga na sa hannu. Wai don a share wa Tsahara hawaye, za a ba ta muryar na'urar jirgin, a ji ta ba a gan ta ba.

Duk ta ji. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta dubi Illa ta ce, "Kai dai ka karɓi aikinka, kar ka yi wauta." Sannan ta ce min, "Malam, ba komi. Ku tahi da mayahin, ai ya hi yi mata kyau."

Washegari muka juyo. Har Maraɗi 'yar rakiya na ta ɗaukar kanta a waya, faifan sidi na walƙiya a kafaɗarta.

Abin da tafiyar nan ta koya min ɗaci ne da shi. Jama'a za su yarda jirgi ya faɗo daga tauraro, za su yarda a yi wa raƙumi fadanci, amma ba za su yarda da soyayyar mutum biyu da jininsu bai haɗu ba. Masu kuɗi sun fi kowa sanin haka, ba su damu ba ne kawai. An fara ɗauka makon jiya. Mai kamera ya faɗa min sai da aka tara yara aka ce su yi dariya.