Tayar Bayan Keken Baffa

Feda ce ta fara ɗaukar mini ido. Ina zaune a bakin zaure bayan la'asar ina ɓarar gyaɗa, sai ga jikana ya turo wani keke daga bakin titi. Ta sirdi ya riƙo shi, ba kowa a kai, amma feda sai juyawa take ita kaɗai kamar aljani ne ke tuƙawa. Na ajiye gyaɗar. Rabona da ganin feda na irin wannan rawa tun ina yaro.

Keken tsirara yake. Ba kariyar ɗora kaya, ba ƙararrawa, ba abin tare laka, tayoyinsa sirara kamar igiyar guga. Wai a Zariya ya samo shi, sunansa fiksi, kuma asali an ƙera irinsa ne don tsere a wani fili mai zagaye da ba tudu ba gangare. Nasa ɗin na 'yan koyo ne, mafi sauƙi a danginsa, shi ya sa ya zauna ya yi masa kwalliya da kansa. Ya yanke hannun keken har ya koma kamar muciya, ya shafa wa ƙarfen tayoyin koren fenti, ya sa wa feda maɗaurin ƙafa, ya kuma cire birki ya jefa a ƙarƙashin gado.

Na ce, "To da me kake tsayawa?"

Ya ce, "Da ƙafa. Tsoho, bar shi kawai, wannan ba na zamaninku ba ne."

Na miƙe, na naɗe ƙafar wando, na karɓa. Na je har bakin masallaci na dawo, da na zo gabansa na danne feda baya, keke ya tsaya cik. Yaro ya saki baki. Ban gaya masa cewa kwana uku na yi ina shafa man zafi a gwiwa ba, kai ma kada ka gaya masa.

Ni dai ba wani karatu na yi ba. A aji uku na bar boko, ba don na ƙoshi ba, malamin ne ya gaji. Amma wannan keke da ake kira sabon yayi, a gidanmu na san shi, a wani ƙauye tsakanin Funtuwa da Maska, kuma saura kaɗan ya sa in zama wanda ake nunawa da baki har in mutu.

Baffana, wan mahaifina, shi ke da shi. Baƙin keke ne irin na da, mai nauyin ɗan maraƙi, da kariya wadda buhun masara ke zama a kai ba ya motsi. A tayar bayan kowane keke akwai wani ɗan ƙarfe mai haƙora da ake kira firiwil, shi ne ke barin ƙafarka ta huta keke na tafiya, yana ɗan kukan nan ƙas-ƙas-ƙas. Na Baffa ya mutu wata damina. Maimakon ya sa sabo, sai ya kai wa mai walda a Funtuwa aka like shi da cibiyar taya gaba ɗaya. Tun daga ranar, in taya ta juya feda ta juya, in feda ta tsaya taya ta tsaya. Da ya ga ƙafarsa ta isa ta tsayar da keke, sai ya kwance birkin ma, don dama laka ta cinye robar. Sandunan birkin ya ba maƙeri ya yi masa tsinken gasa nama.

Ni ake aika niƙa da shi. Ina da kamar shekara goma sha uku, ƙafata ba ta kai feda daga sirdi, sai in zura ta ƙarƙashin sanda in tafi a karkace kamar kaguwa. Abin da ke ci mini rai shi ne sauran yara. Su in sun tuƙa sun tuƙa sai su saki, su ɗaga ƙafafu sama, iska na kaɗa musu riga, keke na yi musu ƙas-ƙas. Ni kuwa in na kuskura na saki, feda ta zo ta bayan ƙafa ta rafke ni. Har suna suka sa masa, keken azaba. In na wuce sai su ce, "A huta mana, bawan Allah!"

To akwai wani mataccen keke na mahaifina rataye a rufin zaure. Ya karye ta wuya tun kafin in yi wayo, amma tayar bayansa lafiya lau, da firiwil ɗinta mai rai. Na daɗe ina kallon tayar nan kamar yadda kare ke kallon rataya.

Wata Alhamis cikin marka, maza duk suka tafi gayyar noman auduga a gonar wani maƙwabci. Na ɗauko sifana, na sauke mataccen, na musanya tayoyin. Ka ga aiki mai kyau, har kaca na shafa wa baƙin mai. Yinin nan kaf a bayan gari na yi shi, inda ƙasa take a shimfiɗe, ina tuƙawa ina saki, ina jin ƙas-ƙas kamar ana yi mini kiɗa. In zan tsaya sai in ja ƙafa a ƙasa. Baffa ba ya hawan keke sai ranar kasuwa, kuma da sauran kwanaki, don haka na ce gobe da hantsi in na ƙara zagaye biyu sai in mayar da kowace taya gidanta. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa na cire wa keken abu ɗaya tak da ke tsayar da shi. Kan nan da kake gani, girma kawai gare shi.

Washegari aka tashe ni yankan ciyawar awaki. Na dawo da hantsi, raɓa ta jiƙa ni har ƙugu, na sauke dami, na duba zaure. Ba keke.

Mahaifiyata tana bakin rijiya tana wanki. Ta ce ai saƙo ya zo da sassafe, 'yar ƙanwar Kaka ta haihu a wani ƙauye a hayin rafi, Kaka kuwa ta ce ko za a yi me yau sai ta je barka. Gwiwarta ba ta doguwar tafiya, shi ne Baffa ya ɗora ta a kariya da ƙwaryar garin kunu a cinya.

Na ce, "Sun daɗe?"

Ta ce, "Ko zane biyu ban wanke ba tun tafiyarsu. Kai lafiya?"

Na fice da gudu. Hanyar ƙauyen nan ɗaya ce, kuma sai ta bi ta gangaren rafi. Gangare ne dogo na jar ƙasa, ruwan sama ya yayyanka shi rami-rami, ƙarshensa duwatsu da ruwa. Ko jaki da kaya sai an riƙe masa wutsiya yake sauka. A kan keken kuwa ga tsohuwar da ta goya ni tun ina zanin goyo, wadda ke ɓoye mini ƙanzo, wadda ba ta kirana da komai sai mijinta.

Na yanki cikin dawa. Ta fi ni tsawo nesa ba kusa ba, ganyenta na yanka mini fuska, ƙafata na nutsewa a kwarin kunya. Na faɗi ya fi sau nawa. Ina gudu ina yi wa Allah alkawura, na bar satar rake, na bar jifan ƙadangaru, zan koma makaranta. Na ƙarshen ne kawai na tabbata ban cika ba, sauran ma kada a bincika.

Da na ɓullo a kan gangaren na leƙa ƙasa, sai na hango keken kwance a yashin bakin ruwa. Ƙwarya a kife, garin kunu ya yi fari fat a kan jar ƙasa. Mayafin Kaka na maƙale a jikin wata ƙaya. Mutum kuwa ko ɗaya.

Ban san yadda na sauka ba, da gindi ne ko da ciki. Abin da na sani ina ta kururuwa, "Na kashe Kaka! Na kashe Kaka!"

Sai na ji murya daga gindin wata ɗinya: "Wa ka kashe, ja'iri? Kai ɗin me?"

Tana zaune ta miƙe ƙafafu tana gyara ɗaurin kallabi. Baffa yana gefe a kan dutse, ya naɗe wando ya tsoma ƙafafunsa a ruwa, ya ba ni rabin baya. Na ruga wurinta. Na zube a gabanta ina kuka ina shafa ta, hannu, kafaɗa, kai, ina duba ko akwai abin da ya ɓalle. Wani sanyi ya sauko mini tun daga tsakar ka har tafin ƙafa, irin wanda ban ƙara jin kamarsa ba, ko ranar da aka ce matata ta sauka lafiya.

Kaka ta ce, "Kai dubi mijin banza, hawaye har da majina. Ni na ce a kwantar da keken a zubar da gari mu ga ko za ka yi mini kuka. To ka yi. Ashe dai ana so na."

Baffa bai ko juyo ba ya ce, "Tun daga ƙofar gida na gane. Kana ganin zan hau kekena in kasa sanin tayata? Da ƙafa muka sauko."

Hukuncina shi ne in tura Kaka a kan keken, in haye da ita rafi, in hau da ita tudun can, in kai ta har gidan barka in dawo da ita. Shi ya ce zai koma gida, aiki na jiran sa. Tsohuwa ba nauyi, amma keken Baffa da tudu sun isa. Ina turi ina haki tana yi mini tsiya, wai ko sadakinta ban gama biya ba na fara neman gadonta. Ni kuwa kowace tsiya ta yi daɗi take mini, tunda da bakinta take yi.

Da yamma na tarar da Baffa ya ɗaure babban yatsan ƙafarsa da tsumma, ya ce kututture ya taka a hanyar dawowa. Ya zauna yana kallo na mayar da kowace taya inda take. Mahaifina, wanda in ya fara duka sai maƙwabta sun shigo, har ya bar duniya bai ji wannan labari ba.

Haka na riƙe zancen shekara da shekaru, a kan cewa tsofaffi biyu sun yi mini wasa na kuma ci wasan. Sai da Kaka ta daɗe da rasuwa, Baffa ya tsufa har ba ya iya sunkuyawa, ni kaina furfura ta fara mini, wata rana ina yanke masa farce na kai kan babban yatsan nan. A karkace yake, ba farce, sai wata baƙar fata mai tauri.

Na ce, "Baffa, wannan kututture dai mugu ne."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Kai har yanzu sakarai ne. Wane kututture?"

Nan ya ba ni labari. Bai gane komai ba a ƙofar gida. Ya ce mutumin da ya shekara goma a kan keken da ba ya hutawa ai ba ya daina tuƙi, ta ina zai sani? Ga yashi, ga nauyin mutum a baya, shi dai yana ta dannawa. Sai da tayar gaba ta leƙa gangaren ya danne feda baya kamar kullum, ya ji ta tafi fayau, ba komai a cikinta. Ya cusa ƙafa tsakanin tayar gaba da ƙarfenta. Takalmin ya tashi sama tun a farkon gangare, sauran aikin yatsa ne ya yi. Kaka ba ta yi ihu ba, ta dai damƙe masa riga tana salati, har Allah ya sa suka kauce wa duwatsun suka zube a yashi.

Ya ce suna zaune ko numfashi ba su gama mayarwa ba suka jiyo kururuwata daga sama. Sai Kaka ta ce masa, "Maza sa ƙafar nan a ruwa kada ya ga jini. In ubansa ya ji zai illata shi, in shi ya sani ba zai ƙara barci ba."

Na riƙe ƙafar nan a hannuna ina kallon yatsan. Shi ne ya ce in ci gaba da yankan farce, guda tara suka rage masa, ai ya rage mini aiki.

Yanzu an cike gangaren, an yi kwalbati, an zuba kwalta. 'Yan acaɓa na wucewa a guje da buhunan masara, yawancinsu ba su ma san an taɓa yin gangare a wurin ba, ɗinyar kuma an sare ta tuni. Gara haka, ban ce a dawo da ramukan ba. Amma ni har gobe in aka ɗauko ni a babur muka kusa wurin, sai in taɓa kafaɗar yaron in ce ya tsaya, fitsari nake ji. In sauka, in taka da ƙafata a hankali har hayin, in yi wa mutum biyu addu'a. Shi kuma yana can gaba yana jira, yana gaya wa masu wucewa cewa tsohon nan mararsa ta lalace.