Naman Layyar da Na Kai wa Yayana

Shekaru kaɗan kafin Nasara su shigo Damagaram, yayana ya dawo Magariya. Ya bi fatake kudu tun ina 'yar ƙarama, ya maƙale a Lokoja, muka cire rai. Sai ga shi da furfura a gemu, wai shi yanzu Almasihu yake bi.

Inna ta yi kukan murna. Ni kuwa na tsane shi, kuma ba na ɓoyewa. Fura nake damawa ina sayarwa a ƙofar gida, da ita nake rufa wa kaina asiri tun rasuwar mijina. Daga ranar da aka ga ya sha da ludayina, mata suka daina aiko yara. Fura ta riƙa yin tsami a ƙwarya.

Da Babbar Salla ta zo, Baba ya yanke magana. Za a aika wa yayana naman layya bukkarsa ta bayan rumbu. In ya karɓa, ɗan gida ne. In ya mayar, ya kwashe kayansa. Baba da hannunsa ya ware cinya, ni kuma na ce zan kai.

A bayan danga na ɓoye cinyar, na ɗora ƙofato ɗaya da guntun huhu a faifai. Ko maroƙi aka miƙa wa wannan, sai ya watso maka shi. Abin da nake so ke nan.

Yayana ya dubi faifan, ya dube ni. Ya san Baba bai taɓa yin irin wannan rabo ba. Sai ya durƙusa, ya sa hannu biyu ya karɓa.

"Na gode, ƙanwata. Ki ce wa Baba Allah ya karɓi layya."

Na ce, "Ba ka ga abin da ke ciki ba ne?"

"Na gani. An koya mana, abin da aka miƙo maka ka karɓa da godiya. Mu ma kyauta aka yi mana, ba don mun isa ba."

Ji iyayi! Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Bai tsaya nan ba, ya shiga ya ɗauko ɗan madubi ya ba ni tukwici, tukwicin da ya fi ƙarfin cinyar ma. Haka na ratso tsakar gida da shi kowa na kallo. Baba ya gani ya ce to, tunda ya karɓa, yayana ya zauna a gida.

Bai zauna ba. Ana gama yankan gero ya bi wani ayari, bai faɗa wa kowa dalili ba. Kasuwata ta dawo har ta fi da.

Inna ta yi shekara shida tana sa kunne duk lokacin da fatake suka sauka a zango. A ciwonta na ƙarshe ta kama wuyan hannuna ta ce, "Ke, me kika kai masa ran nan?"

Na ce mata cinya.