Layukan da Na Goge a Direban Barcin Firosesa

Har gobe ba zan manta da safiyar da shugaban sashenmu ya ajiye mini wata matacciyar na'ura a kan tebur ba, ya ce in gano abin da ya cinye batirinta. Lokacin ina shekarata ta biyu a wani ƙaramin kamfani a Guangzhou, a matsayin ƙaramin injiniyan manhaja. Na'urorin da muke ƙerawa a jikin kwantena ake liƙa su, su riƙa sanar da mai kaya inda kayansa suka kai. Wannan ta Alhaji Mumuni ce, ɗan zangon Kumasi mai ofishin tura kaya a ginin kasuwanci na Tianxiu, nan Guangzhou. An yi lodi a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, kafin jirgi ya yi rabin hanya ta yi shiru, sai da aka sauke kaya aka aiko mana da ita. Da yake ni kaɗai ke jin Hausa a kamfanin, ni Alhajin ya kira a waya.

"Malam Sani, sati uku masu kaya suna tambayata, ba ni da abin faɗa musu. In sababbin ma haka za su yi, gaya wa laoban, maigidan naku, zan canza kamfani."

Ga wanda ba ya harkar, bari in ɗan yi bayani. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'ura, yawancin lokacinta zaman jira take yi. Kanel, jigon manhajar da ke tafiyar da komai, shi ke sa ta barci don kada batir ya tafi a banza. Barcin hawa-hawa ne: akwai gyangyaɗi, mai saurin farkawa amma mai shan wuta, akwai mai nauyi, wanda kusan ba ya shan komai. Kanel ke zaɓar hawan da ya dace, shi kuwa direba, ɗan ɓangaren manhajar da ke magana da firosesa kai tsaye, aikinsa ya aiwatar.

Direbanmu ya wuce nan. Babban injiniyanmu ne ya rubuta shi shekaru da suka wuce, wani dattijo marar yawan magana da muke kira Chen gong, kamar yadda ake kiran injiniyoyi a can. Duk sabon allo da aka fitar, wato faifan da ke ɗauke da firosesa a cikin na'ura, sai ya ƙara masa wani abu, har direban ya koma yana yin nasa hasashen. Na yi sati biyu ina awon wuta, na ga kanel na cewa a yi barci mai nauyi, direba yana mayar da shi gyangyaɗi.

Na rubuta shawara a goge hasashen gaba ɗaya, a bar direba da aiwatarwa kawai. Ƙa'idarmu ita ce mutum biyu su duba kowane gyara, sannan a gwada shi kwana uku a kan alluna goma. A taron dubawa shugaban sashe ya kalli Chen gong, don aikin hannunsa ne za a zubar da fiye da rabi. Chen gong ya karanta takardar har ƙarshe, ya ce, "A gwada."

Kwana biyun farko shan wutar ya faɗi ƙasa warwas. A rana ta uku alluna biyu suka yi barci suka ƙi tashi. Na kwashe kwana huɗu ina lalube ni kaɗai, ga ranar tura kaya tana matsowa. Daga ƙarshe na ɗauki allo ɗaya na je teburin Chen gong.

Ya juya shi, ya duba lambar firosesar, ya buɗe tsohon direban ya nuna mini wasu layuka goma sha ɗaya da na goge. Ya ce tsohon zubin firosesar yana da aibi: in ya shiga barci mafi nauyi da zafi a jikinsa, agogon da ke tashinsa ma tsayawa yake. Layukan nan su ke miƙa aikin ga wani agogo na waje.

Na ce, "Chen gong, a ina aka rubuta wannan?"

Ya ce, "Mei yo," wato babu. Ya nuna kansa da yatsa.

"Me ya sa ba ka faɗa a taro ba?"

"Na manta da su, sai da na ga lambar nan. Kai ma ba ka zo ka tambaye ni ba."

Mun mayar da layukan, ya faɗa ina rubuta bayani a samansu. Sauran abin da na goge bai dawo ba, shi da kansa ya sa hannu a kan haka. Na'urorin da aka tura bayan nan sun isa tashar Tema ta Ghana da sauran caji, Alhaji Mumuni kuma bai canza kamfani ba.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, rage cunkoso a manhaja aiki ne mai kyau, kuma yawancin abin da ya taru ya cancanci gogewa. Sai dai a ciki akwai layin da wata wahala ce ta sa aka rubuta shi, kuma ba a gane shi da ido. Shi ya sa duk ƙaramin injiniyan da ya kawo mini gyara yau, tambayata ta farko ita ce ko ya je ya zauna da wanda ya rubuta abin da yake son gogewa. In bai je ba, ba na buɗe takardar.