Keken da Ke Tsayawa Ranar Juma'a

Da ƙafa na san duniya. Na taka Khartum da Jidda, na yi shekara shida a Kumasi ina cinikin goro, na zauna Abijan har na iya faɗa da Faransanci. A duk garuruwan nan ban taɓa jiran wani ya kai ni unguwa ba. Yanzu kuwa gwiwoyi sun ƙare, daga ɗakina zuwa ƙofar gida sai na dafa bango. Abin da ke fitar da ni waje shi ne wani keken lantarki mai taya huɗu, da kujera, da kwando a gaba. Jikokina sikuta suke ce masa, ni keke nake cewa.

'Yata ce ta nemo mini shi, shekara biyu bayan na zo wurinta a Greensboro, nan Amurka. Ma'aikaciyar jinya ce, mijinta kuma yana aiki a wani gidan ajiye kaya can wajen titin Wendover. Kafin keken ya zo na yi sanyi guda cur a bakin taga, ina kallon ɗaliban jami'a suna wucewa da jakunkuna a baya. Juma'a a nan ranar aiki ce kamar kowace rana. In surukina ya sami fita, ya ɗauke ni zuwa masallaci. In bai samu ba, na yi azahar a ɗaki, sanye da babbar rigar da na saka tun hantsi ina jira.

Da keken ya zo sai unguwarmu ta Glenwood ta buɗe mini. Minti ashirin da biyar yake kai ni inda muke sallah. Ran Juma'a nakan saka shadda mai kyau, in naɗe hannayen rigar a kafaɗa, in kama hanyar siminti da aka yi wa masu tafiya a ƙasa a gefen titi. Kuma tsakiyarta nake bi, gaskiya. Haka na saba tafiya tun ina da ƙarfi, ban taɓa tunanin akwai wani gefe da ya kamata in riƙe ba.

Wajen wata na biyar keken ya fara tsayawa. Akwai ɗan hawa kafin a kai kwana, nan ya fara yin nauyi, ya yi gurnani, ya mutu. Na zauna kamar minti goma, na danna maɓallin da ke ƙarƙashin kujera yadda aka nuna mini, ya tashi. Juma'ar da ta biyo ya sake. 'Yata ta kira inda aka sayo shi, suka turo wani saurayi ranar Talata. Ya auna batir, ya canza shi, ya zagaya tsakar gida sau biyu a kai, ya ce lafiyarsa ƙalau.

Tsayawa ta uku ita ce ta ba ni kunya. Ya mutu a inda hanyar ta fi matsewa, tsakanin shingen wani gida da sandar wutar lantarki, kuma maɓallin ya ƙi. A Kumasi da tuni mutum huɗu sun ɗaga ni da keken gaba ɗaya. A Jidda da an yi mini tsawa, sannan a taimaka. A nan ɗalibai suka riƙa saukowa kan ciyawa suna wucewa, kowa yana ba ni haƙuri kamar shi ya yi mini laifi. Sai na ji ƙarar wani injin a bayana. Wata tsohuwa ce baƙar Ba'amurkiya a keken guragu mai lantarki, da ledar magani a cinyarta. Ita ba ta da halin hawa ciyawa, tayoyinta za su nutse, ba ta kuma iya sauka titi sai an kai kwana inda aka yi gangare. Na tare mata hanya ɗaya tilo da take da ita.

Ba ta yi fushi ba. Ta tsayar da ɗalibai biyu da murya irin ta wadda ta yi renon yara da yawa, ta nuna musu wani ƙarfe a bayan kekena wanda in an ja shi tayoyin suke sakewa. Suka tura ni da ƙyar, suna cewa kamar an taka birki, har cikin hanyar shiga motar wani gida. Da ta zo daidai ni ta tsaya, ta ce tana ganina duk mako ina tafe a tsakiya kamar gwamna. Ta ce in riƙa bin dama, in bar faɗin kujera ɗaya, kuma in zan tsaya gaisuwa da abokaina kada in tsaya a bakin gangaren nan, don shi ne ƙofarta. Ashe har gaisuwarmu ta lura da ita. Na yi mata godiya da Turancin da nake ji da shi, ya fito mini a karye.

Ranar ban sami sallah ba. Surukina ya bar aiki ya zo ya ɗauke ni, muka dawo gida.

Da yamma 'yata ta shigo ɗakina ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, abin da ba ta cika yi ba sai magana mai nauyi ce. Ta ce an duba keken ba a ga komai ba, kullum kuma a hannuna yake mutuwa. Sannan ta ce, "Baba, ko dai kana mantawa ne? Cajin, ko makullin, ko wani abu. Ba laifi ba ne, ina ganin irinsa kullum a wurin aiki."

Ta riga ta karɓo mini ranar ganin likitan da ke gwada tunanin tsofaffi, nan da mako biyu. Kafin nan makullin keken zai zauna a jakarta. In likita ya ga wani abu, keken zai koma inda ya fito. Ban yi gardama ba, domin ni ma abin ya fara shiga raina. Kwana biyu kafin nan na nemi tabarau na same shi a aljihuna. Na kwanta ina jarraba kaina, ina jero sunayen tashoshin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko, in na rasa ɗaya sai gabana ya faɗi. Abu ɗaya na roƙa, a bar wani mutum da muke sallah tare ya duba keken. Badamagare ne, gyaran babur yake yi a gida kafin ya zo nan ya koma tuƙa motar ɗaga kaya.

Ya zo ran Lahadi bayan la'asar da jakar sifanu. Tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa, shi kuwa ba ya barin nasa ya kwana. Tun daga ƙofa ya fara, wai an ba Bakano kujera mai tafiya da kanta ma ya kasa riƙe ta. Na ce masa ya yi aikin da ubangidansa ya kira shi ya yi. Bai taɓa batir ba. Ya sa surukina ya ɗaga bayan keken, ya juya tayar dama da hannu, ta yi ta juyawa. Ya juya ta hagu, ta ƙi. Ya kwance ta.

A jikin ƙarfen da tayar ke juyawa a kai akwai wani dunƙule kamar sheƙar tsuntsu, ya naɗe ya yi tauri, gefensa ya ƙone. Ya sa wuƙa yana yanka, yana jawowa. Zare ne. Shuɗi, da fari, da ruwan ƙasa. Ya shimfiɗa su a kan siminti, ya dube ni, ya dubi 'yata da ke tsaye a ƙofar kicin.

"Bon, Baba Alhaji," ya ce, ya fara da ɗan Faransancinsu, "rigunanka nawa ne? Ni dai na ga uku a nan."

Uku ne. Hannun rigar na dama ina kula da shi, don ta nan nake gaisawa, kullum ina mayar da shi kafaɗa. Na hagu kuwa yakan zame ya sauka ban sani ba, bakinsa ya riƙa jan ƙasa daidai tayar baya, tana tsinkar zaren kaɗan kaɗan. Injin ya yi ta ja da nauyi, in an zo hawa ya yi zafi ya kashe kansa. Sauran ranaku ba na nisa, kuma da kaftani nake fita. Saurayin da aka turo kuwa bai taɓa ganin babbar riga ba, balle ya neme ta a cikin taya. Ni ma na ga bakin rigunan yana zarewa, amma injin wanki na ɗora wa laifi, har na yi wa 'yata ƙorafi sau biyu cewa injinan ƙasar nan ba su san shadda ba.

'Yata ta zo ta tsuguna, ta ɗauki zaren shuɗin tana murzawa a yatsunta. Ta fara dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ta rufe fuska da mayafi ta koma ciki. Badamagaren ya sunkuyar da kai yana mayar da taya. Ni kuwa na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, irin wanda ban ji ba tun ranar da aka ce mini matsalar gwiwa ce kawai, ba shanyewar jiki ba.

Wurin likitan dai mun je, don 'yata ta ce an riga an ba da rana. Ya sa na zana agogo, ya ba ni kalmomi in riƙe, na mayar masa da su da Turanci, na ƙara masa da Larabci. A mota kan hanyar dawowa ta buɗe jaka ta miƙo mini makullin ba tare da ta dube ni ba.

Tun daga lokacin ban sake hawa keken da babbar riga ba. Ninke ta nake yi in sa a kwando, in fita da kaftani, sai na isa ƙofar masallaci in zura ta. Dama nake bi, in za a gaisa kuma sai na fita daga hanya tukuna. Makullin yana rataye a ƙusa kusa da gadona, kuma ba wanda ya sake tambayata ko na manta wani abu.