Marmarar da Ta Sha Man Riɗi

A garin da rabin ɗakunansa ciyawa ce, sauran rabin kuma kwano, Gado ya zaɓi ya zama mai gyaran marmara. Allah ya jiƙansa, har ya koma ga Mahaliccinsa bai ga abin dariya a cikin wannan ba.

A hanyar Makka aka haife shi. Iyayensa sun yada zango a Gadarif ta ƙasar Sudan don su huta damina ɗaya, hutun da har yau jikokinsu ke yi. Ya tashi ya tarar tarakta ta riga shi zuwa. Baƙar ƙasar nan, mai tsagewa da rani kamar diddigen tsohuwa, mai riƙe ƙafa da damina kamar ba ta so ka tafi, attajirai sun yanka ta gona-gona, kowace sai ka yini ba ka ga ƙarshenta ba. Tarakta ta yi huɗa, ta yi shuka, ta koma inuwa ta huta. Cire ciyawa da yankan dawa aka bar wa 'yan Adam. Gado ya hau lorin leburori zuwa gonakin Gadambaliya yana saurayi, ya yanki dawa har ƙaiƙayi ya shiga masa inda hannu ba ya kaiwa. Ya dawo ya rantse shi da lauje har abada.

Sai ya faɗa hannun wani magini Bagirke da ke shimfiɗa daɓen marmara a gidan wani attajiri. Aikin Gado ɗebo ruwa ne da gugar dutse a durƙushe. Ranar da aka gama aka watsa ruwa, ya leƙa ya ga fuskarsa a ƙasa, fari ya kewaye ta kamar nonon da ya kwana. Nan ya kamu. Bagirken ya koma ƙasarsu, ya bar masa duwatsun guga a cikin tsohon buhu, shi kuma Gado ya naɗa wa kansa sarautar Usta, wato gwanin sana'a, ba tare da ya jira kowa ba.

Matsalar ita ce gidajen marmara a Gadarif ba su da yawa, kuma marmara ba ta ciwo. Shekaru suka shuɗe Usta na zaune a bakin kasuwa yana wasa wuƙaƙe, yana koɗa wa mata dutsen niƙa, yana ba masu shan shayi labarin jijiyoyin dutse, su kuwa suna hura kofi. Matarsa Atine ce ke riƙe da gidan da kaskon ƙosai.

"Baban Adama," in ji ta kullum in ya shigo, "yau ma marmarar ba ta yi zazzaɓi ba?"

"Ke ba ki san sana'a ba."

"Na san tukunya. Ita ma ta san ni."

Wata kaka haƙurinta ya ƙare. Ta ce ta yi magana da Rufa'i direba, mai kwasar masu yankan dawa, ya kuma yarda zai ajiye wa Usta wuri a bayan lori. Har ta wasa lauje ta rataye a ƙofar ɗaki, inda dole kansa ya taɓa shi in zai fita.

A makon ne wuta ta ci ɗakin baƙin Alhaji Mailafiya, mai gonaki, wanda ya sa aka kawo masa marmara fara tun daga Bur Sudan. Man tarakta ya yi wuya a shekarar, sai Alhaji ya ɓoye durom-durom a ɗakin da ke jikin na baƙi, wurin da ɓarawo ba zai yi tunani ba. Garwashin turare ne ya yi tunanin. Da rana tsaka rufi ya zube. Ba a rasa rai ba, amma daɓen ya koma kamar gindin tukunya. Duk unguwa na salati, mutum ɗaya aka gani yana cije leɓe don kada murmushi ya kuɓuce masa.

Gado ya zo da buhunsa, ya tuɓe takalmi, ya shafa daɓen kamar mai duba majinyaci. A nan kam ya san abin da yake yi. Ya ce za a kwaɓa farar ƙasa da kanwa a lafta, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a bari ta tsotso hayaƙin, a kankare, a sake, a sake. Bayan haka sai guga da ruwa, daga dutse mai kaushi zuwa mai laushi.

"Kwayis, da kyau," in ji Alhaji. "Yaushe za ka gama?"

"Bayan kaka, ranka ya daɗe, in Allah ya so."

"Bayan me? Ya zol, bawan Allah, Juma'ar sama manyan baƙi za su zo mini daga Khartum. A kan gawayi zan zaunar da su?"

Gado ya roƙi a bari ya gwada a lungu ɗaya. Ya lafta, ya rufe, ya tsare wurin kamar kaza a kan ƙwai. Da ya kankare karo na ƙarshe, sai ga wani wuri kamar tafin hannu ya fito fari, fari irin na ranar farko. Idonsa ya cika. Ya aika a kira Alhaji.

Alhaji bai zo shi kaɗai ba. Ya zo da mahaifiyarsa, Hajiya Jummare, wadda ta haifi 'ya'ya da yawa ta kuma raine su da magani ɗaya. A Gadarif, inda raƙumi ke yini yana zagaya matsar riɗi da ido a ɗaure, babu abin da man riɗi ba ya warkarwa. Ana ɗiga shi a kunne, ana shafa wa mai tari a ƙirji, ana ba jariri, ana ba ƙofar da ke kuka. Hajiya ta dubi daɓen, ta dubi ɗan farin wurin, ta taɓe baki.

"Ɗan nan, wannan ƙuna ce ko ba ƙuna ba ce?"

"Ƙuna ce, Hajiya."

"To me ake sa wa ƙuna a garin nan?"

"Hajiya, dutse ne ai. Yana da ƙishirwa. Abin da ya sha ba ya amayarwa."

"Dutsen ya fi jikana daraja ne? Yaron da ya faɗa murhu, je ka duba cinyarsa, ko tabo babu. Kai ka tsaya kana yi wa ƙasa lalle!"

Alhaji ya ce halas, magana ta ƙare. Ko a bi ta Hajiya, ko ya sa a kawo siminti a rufe komai, Usta ya kama gabansa. Daga titi kuma, kamar an aiko shi, Rufa'i ya danna hon, yana kiran masu tafiya Gadambaliya. Gado ya saurari hon ɗin har ya mutu. Ya miƙa hannu ya karɓi ƙwaryar mai.

Ya zuba, dutse ya sha. Ya ƙara, ya sha. Hayaƙin da ke kwance a sama ya bi man ya nutse can ciki, inda babu farar ƙasar da za ta sake iske shi. Gado ya yi ta guga. Zuwa Juma'a daɓen ya zama wani abu da ba shi da suna, baƙi mai ja-ja kamar tsohuwar zuma, yana ƙyalli, yana ƙamshin suya. Tururuwa ta riga baƙi isowa.

Baƙin Khartum suka tuɓe takalma a bakin ƙofa. Babbansu ya taka, safa ta kwashe shi, ya isa kujera da sauri fiye da yadda ya yi niyya. Da ya gyara rawani ya tambaya daga ina aka samo wannan dutse.

"Italiya," in ji Alhaji, ko ƙiftawa bai yi ba. "Irin wannan ba kowa suke sayar wa ba."

Wani baƙon ya gyaɗa kai, ya ce ya taɓa ganin irinsa a wani babban otal a Misira, har ƙamshin iri ɗaya ne.

Kafin a gama sussukar dawa, Alhaji Jatau, abokin gasar Mailafiya a gona da a masallaci, ya aika a kira Gado a ɓoye. Ya ce matarsa ta hana shi sakat, wai farar marmararsu kamar ta asibiti. Ko Usta zai iya mayar da ita irin ta Italiya?

Usta ya iya. Ya shimfiɗa karan dawa a kan lafiyayyen dutse, ya yanka tsohuwar tayar tarakta a kai, ya kunna, ya tsaya yana kallon fari na mutuwa. Sannan ya zuba mai. Daga gidan Jatau sai gida na gaba. Sabbin attajirai suka riƙa sayo marmara fara daga bakin teku don kawai a ƙona musu ita. Rufa'i ne ma ke kawo masa karan daga Gadambaliya, yana sauke masa a ƙofar gida yana ce masa Usta da gaske. Atine ta sauke laujen daga ƙofa, ta jingine kaskon ƙosai, ta koma sayar wa mijinta man riɗi.

Bai ƙara hawa lori ba. Bai ƙara ba masu shan shayi labarin jijiyoyin dutse ba, ko da yake a lokacin ne suka fara son ji.

Ɗan farin wurin nan na lungu yana nan, don hannun Gado bai iya zuba masa mai ba. Alhaji ya sa aka ɗora randa a kai. Da tsufa ya kama Gado, yakan je gaisuwa gidan, ya ce ƙishirwa yake ji, ya ɗan tura randar gefe, ya daɗe yana shan ruwa kansa a sunkuye. In baƙo ya hango wurin ya tambaya, Alhaji yakan girgiza kai ya ce:

"Usta gwani ne, wallahi. Nan ne kaɗai ya yi mana ha'inci."