Nunziata da Kullun Burodi

Nunziata ba ta cika shekara tara ba ta fara al'ada. A ƙauyensu na kan dutse, can kudancin Italiya, irin wannan ba ya ɓoyuwa, don mace mai jini ba ta taɓa kullun burodi, wai ba zai tashi ba. Ranar gashi sai ga 'yar ƙanƙanuwar yarinya zaune gefen tanda, mata suna ƙunshe dariya.

"Ɓauren nan ya nuna da wuri," in ji kakarta. "Irinsu har hamsin suna goyo."

Kowa ya hau ya zauna a kan maganar, har ita.

Ta auri Saverio, wani magini mai barkwanci da ke aiki a Jamus. Duk zuwansa hutu, in ta yi maganar haihuwa, sai ya ce, "Bari mu gama gininmu, Nunzia. Saurin me ake? Ke da rijiyarki ba ta ƙafewa!" Takan yi dariya. Dariyar nan ce ke cin ranta har yau.

Tana da shekara talatin da shida, ta yi watanni ba ta tsallake ranar kwaɓi ba. Surukarta Filomena, wadda ƙuda ba ya giftawa ba ta gani ba, ta riga kowa lura. Kafin Nunziata ta je asibiti, tsohuwa ta buga wa ɗanta waya ta yi masa albishir.

Likita ya duba ta, ya tambayi shekarar da ta fara al'ada. Ba ciki ba ne, in ji shi, jinin ne ya ɗauke gaba ɗaya. Wasu masu farawa da wuri, da wuri suke gamawa.

Ta kasa faɗa wa mijinta a waya. Saverio ya iso yana danna ham tun daga gindin dutse, da keken jariri ɗaure a saman mota.

"Fito ki gani, uwar ɗana!"

A bakin ƙofa ta gaya masa, hannunsa na kan igiyar. Sun tsufa tare, bai taɓa cewa laifin wane ne ba, ita ma ba ta ce ba. Keken kuwa maƙwabta aka ba. Jarirai biyar ya ɗauka, kuma hanyar coci ta ƙofar Nunziata ta bi.