Ruwan abokina, yabon irinsu

Shekarun baya can, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa ƙauyenmu, wasu masu shirin tallafa wa manoma suka kawo mana sabon irin shinkafa. Gonata tana ƙarshen hanyar ruwa, wajen Bunkure. Kafin ruwa ya iso ni, na sama sun sha sun ƙoshi.

Gonar da ke samana ta abokina ce. Tare muke cin ɗumame a kan kunya, shi kaɗai ke jure bakina. A ranin nan ciwo ya kwantar da shi, bai yi noma ba. Na je duba shi, ya ce, "Kai ɗan rigima, kwashe ruwana ka haɗa da naka, ko ka huta da zagin mutane."

Na shuka irin nan, ruwa ya wadace ni, shinkafa ta yi kyan da ban taɓa gani ba. Kafin girbi abokina ya rasu.

Sai ga masu duba shirin a mota. Wata 'yar boko ta ce, "Baba, irinmu ka shuka?" Na ce e. "Amfani ya ƙaru?" Na ce ya ƙaru, amma ruwan mamaci ne ya yi aikin. Ta yi mini ta'aziyya cikin ladabi, ta ce, "Mu dai batun iri muka zo tambaya." Aka ɗauke ni hoto rungume da dami, ni kuma da wautata har da gyara hula.

Da shekara ta zagayo, aka raba wa 'yan ƙarshen hanyar ruwa irin, ana nuna musu hotona. Na ce musu irin nan mayen ruwa ne. Wani maƙwabcina ya ce, "Malam, ka ci kai kaɗai, yanzu za ka yi mana baƙin ciki?" Magada suka ba da hayar gonar abokina, ruwa ya koma yadda yake. Shinkafarmu duka ta ƙone a tsaye, har da tawa.

Maƙwabtana ba su zagi masu mota ba, su ai sun tafi. Ni suka daina kira majalisa.

Tun daga nan, in na ji an ce wani shiri ya yi nasara, sai in ce ta wace hanya, kuma wa ya tambaya? Har yau a kan kunyar nan nake cin ɗumamena, ni kaɗai, ruwa na wucewa ta gonar abokina.